Ƙofar da Ba a Juya Ba

Yayata bahaguwa ce, kuma da wannan sunan aka san ta a filin wasa. Shekara bakwai a jere tana riƙe da kambun jifan guduma na mata a ƙasarmu, har ta kai idan mai shela ya ce "Bahaguwa" sai ka ga masu sayar da ruwa sun dire bokitansu sun matso bakin waya. Ni ce autar gidanmu, tela ce ni, kuma ni na ɗinka mata duk safar hannun da ta taɓa yin jifa da ita. Mai jifa da dama a hagu yake sa safa, ita kuwa a dama take sawa, kuma a kantunan kayan wasa na garinmu babu wanda ya taɓa tunanin za a haifi irinta.

Ga wanda bai sani ba, gudumar nan ba irin ta kafinta ba ce. Ƙwallon ƙarfe ne mai nauyin kilo huɗu, an ɗaura masa waya, da mariƙi a ƙarshenta. Mai jifa zai tsaya cikin wani zobe na siminti, ya kaɗa ta sau biyu bisa kansa, ya juya da ita sau uku ko huɗu a kan dunduniya, sannan ya saki. An kewaye zoben da keji mai doguwar raga, bakinsa na kallon fili, da ƙofofin ƙarfe biyu masu taya. Idan mai jifa da dama ne ya shiga, sai a turo ƙofar hagu ta tare wannan gefen, domin ta can gudumarsa ke kuɓucewa. Idan bahago ne, sai a buɗe ta hagu a turo ta dama. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

A gidan burodi aka gano Yaya, tana da shekara goma sha tara. Aikinta a lokacin shi ne sauke buhunan fulawa, da ƙulle waɗanda aka zazzage ta loda su a mota. Ba ta hawa tsani kamar sauran. Sai ta kama wuyan ƙullin, ta juya da shi sau ɗaya, ta cilla shi can saman motar. Wata safiya wani tsohon malamin motsa jiki da ya zo sayen burodi ya tsaya yana kallonta baki buɗe.

"Yarinya, sake yi in gani," in ji shi.

"Baba, burodi ka zo saye ko kallo?"

Shi ne ya zama kocinta. Da ya zo gidanmu neman izini, Umma ta riƙe haɓa ta ce, "Mace da jifa? To wa zai auri wadda za ta iya wurga shi bayan katanga?" Babanmu mai walda ne, ba mai yawan magana ba. Bayan kwana uku sai ga shi da dutsen wani tsohon sikeli, ya liƙa masa zobe, ya ɗaura waya, ya lanƙwasa rodi ya yi mariƙi. Ya ajiye a gaban Yaya ya ce, "Kada dai ki gwada ta a tsakar gidan nan."

A wani fili bayan rumbun kayan jirgin ƙasa take atisaye, da sassafe kafin ta tafi aiki. Watannin farko gudumar ce ke jifa da ita. Ta sha dawowa da gwiwa a goge, yatsu sun yi kanta sun fashe, ba ta iya riƙe cokali. Tana da shekara ashirin da uku ta ci gasar ƙasa. Daga nan kuma sai ya zama kowace shekara ana zuwa ne a ga wadda za ta zo ta biyu. Mijin ma ya samu, wani direban bas mai sanyin hali, wanda har yau idan ana tsokanarsa yakan ce shi bai taɓa musu da ita a kusa da katanga ba.

Akwai mutum biyu a filin da kullum suna nan. Na farko muna ce masa Kawu Mai Tef. Malamin lissafi ne a makarantar firamare, ranar gasa kuma shi ke tsayawa can cikin fili, da guduma ta faɗi ya ruga ya kafa tsinke, a ja tef a auna. Siriri ne mai ban dariya. Yakan ce, "Bahaguwa, ki rage nisa mana, tsufa ya fara kama ni." Na biyu shi ne Dattijo Mai Keji, ma'aikacin filin, shekararsa talatin yana tura ƙofofin nan. Duk lokacin da aka kira Yaya sai ya tashi yana mita. "Duk faɗin ƙasar nan ke kaɗai ce ke sa ni tura ƙarfe." Ita kuma ta ce, "Motsa jiki ne, Baba, kyauta nake ba ka."

Shekarar da ta cika talatin aka ce wadda ta ci gasar ƙasa ita kaɗai za a tura babbar gasar ƙasashen waje. Yaya ba ta taɓa hawa jirgin sama ba. Sau biyu a baya ana zaɓenta, tafiyar na rushewa. Ta san wannan ce ta ƙarshe, domin kafaɗarta ta fara yi mata magana. A shekarar ne kuma wata ɗaliba ta ɓullo, ana ce mata Doguwa, shekararta ashirin da ɗaya, tana jifa kamar ba ta san nauyin abin ba.

Ranar gasar ina zaune a benci na uku, daidai bayan kejin. Ana rana mai zafi, babu iska ko kaɗan. Kowace mai jifa tana da dama shida. Yaya ce a gaba tun jifa na biyu, da mita sittin da uku da 'yan kai, saboda haka ita ce ta ƙarshe a layi, Doguwa na gabanta. Haka aka yi ta tafiya har zagaye na shida. Doguwa ta shiga, ta juya, ta saki da wata ƙara. Tun gudumar na sama na san ta yi nisa. Kawu ya kafa tsinke. Aka auna, mita sittin da huɗu da santimita goma. Filin ya kaure da ihu. Kocin Yaya ya ce bai yarda ba, tef ɗin ya karkace, a sake. Aka yi ta cacar baki, alƙalin wasa ya kira Dattijo ya zo ya taya riƙe bakin tef. Aka sake aunawa, bai ragu ko da tsinin allura ba.

Aka kira Bahaguwa. Agogon minti ɗayan da ake ba mai jifa ya fara tafiya.

Na ga ta zo bakin zoben ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi dama, kamar na ƙiftawar ido biyu. Sannan ta gyara safarta, ta shiga, ta juya wa fili baya. Juyi uku ta saba yi. A watannin nan ne ta fara gwada huɗu a atisaye, kuma Koci ya hana ta yin sa a gasa. Na ƙirga da bakina. Ɗaya. Biyu. Uku. Ba ta saki ba. A na huɗu dunduniyarta ta ɗan zame, gudumar ta riga ta, ta sake ta a makare.

Na jira in ji ƙarar ƙarfe ya bugi ƙofa. Babu. Ƙofar dama a buɗe take.

Gudumar ta fita ta gefe, ƙasa-ƙasa, wayar na kaɗawa a bayanta. Kawu na tsaye wajen layi yana naɗe tef, ya ba keji baya. Wani ya yi ihu. Kawu ya waigo. Ƙwallon ya bugi ƙasa sau ɗaya, ya tashi, ya same shi a cinya, sama da gwiwa kaɗan. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an karya busasshen reshe.

Ban san yadda na sauko daga benci ba. Abin da na tuna shi ne alƙalin wasa tsaye da jar tutar soke jifa a hannu, ya manta ya ɗaga ta, da Dattijo ya ɗora hannu biyu a ka yana salati, da Yaya tsaye a tsakiyar zobe ba ta motsi. Sai da na kama hannunta na ja ta sannan ta fito.

Kawu bai mutu ba. Ƙashin ya farfashe, aka yi masa aiki sau uku. Likita ya ce ƙafar za ta tsaya, amma ba za ta koma daidai ba. Washegari muka je asibiti. Matarsa na zaune a bakin ƙofar ɗaki da kwandon kwanuka. Yaya ta durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, ya mai jiki?"

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Yana barci," ta ce, alhali muna jin tarinsa daga ciki.

A satin aka kafa kwamitin bincike, aka dakatar da Dattijo daga aiki. Kowa ya san inda maganar za ta ƙare. Juya ƙofa aikinsa ne, bai juya ba. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma aka ce korarsa za a yi. Koci kuwa ya ga hanya. Ya rubuta ƙorafi cewa tunda ba a shirya kejin daidai ba, jifan ƙarshe bai halatta a ƙirga shi ba, an tauye wa 'yar wasansa haƙƙi. Ya zo gida yana murna ƙasa-ƙasa, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin za a tura su biyu, ita da Doguwa, don a kashe maganar.

Yaya kuwa ba ta yi murna ba. Ta koma aiki, amma ta daina cin abinci. Mijinta ya ce mini tana zama a bakin gado ta ƙura wa bango ido har shayinta ya huce.

Ana saura kwana huɗu zaman kwamiti, da tsakar rana, ta shigo shagona da fulawa a gira. Ina kan keke ina haɗa wata riga. Ta ja labule, ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Dattijo ya zo wurin aikinmu ɗazu," ta ce.

"Ya zo faɗa?"

"Ina ma. Hularsa ya cire, Auta. A gaban mutane. Ya ce, 'yata, ki yafe mini, na ɓata miki suna, na sa kin ɗauki alhakin da ba naki ba. Tsoho sa'an Baba yana ba ni haƙuri."

"To ai gaskiya ya faɗa. Shi ya manta."

"Na gani."

Na ɗauke ƙafa daga kan keken. "Kin ga me?"

"Ƙofar. Kafin in shiga na ga ba a juya ba. Da na ɗaga hannu da an tsayar da agogo an gyara. Amma jikina ya yi zafi, ƙafafuna na son tafiya, na ce idan na tsaya jiran tsohon nan ya turo ƙarfe zan huce. Na ce a raina, shekara bakwai ban taɓa ko shafar ƙofar nan ba."

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Wa kika gaya wa?"

"Ke."

"To ya tsaya a nan. Yaya, ko kin faɗa ƙafar Kawu ba za ta dawo ba."

"Aikin Dattijo fa?"

"Shi ma ai da laifinsa."

"Da laifinsa," ta ce. "Shi mantawa ya yi. Ni ban manta ba."

Da yamma ta gaya wa Koci, ina wurin. Tsohon ya zauna a kan dakalin ƙofar gida. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya fara magana a hankali, yadda yake yi idan ta ɓata jifa.

"Saurara. Doka ba ta ce 'yar wasa ta duba ƙofa ba. Babu wanda zai tambaye ki. Idan sun tambaya, ki ce hankalinki na kan zobe. Shekara goma sha ɗaya muna tashi da asuba, ni da ke. Kin san sau nawa na gyara wayar nan da hannuna? Yanzu da jirgi ya tsaya a bakin ƙofa za ki ce ba ki shiga?"

"Koci, idan na shiga, da wane ido zan dubi tsohon nan?"

"Ki dawo da lambar yabo ki dube shi da ita! Zan nema masa gadi a wani wuri, na yi alkawari."

Ta tashi ta shiga cikin gida. Ya ɗauka ta yarda. Ni ma haka na ɗauka, kuma wallahi na ji sanyi a raina.

Ɗakin da kwamitin ya zauna yana ƙarƙashin bencinan filin, mai ƙaramar taga ɗaya da fanka mai kuka. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau wadda ta yi tsere a zamaninta. Aka bar ni na zauna a baya. Dattijo na gefe a kan kujerar roba, hula a gwiwa. An riga an gama da shi, ya amsa komai. Da aka zo kan Yaya, tambayoyin ba su da wuya. Ƙarfe nawa aka kira ta, juyi nawa ta yi, ko ƙasan zoben da santsi. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, muryarta a dishe. Shugabar ta rufe fayil.

"Mun gode. Mun san abin ya taɓa ki. Akwai abin da kike so ki ƙara?"

Koci ya riga ya fara tashi.

"Akwai, ranki ya daɗe. Na ga ƙofar a buɗe kafin in shiga."

Mai rubutu ya tsaya da biro a sama. Koci ya ce, "Ba ta da lafiya, kwana huɗu ba ta ci abinci ba, ba ta san abin da take..."

"Malam, zauna," in ji shugabar. Ta cire tabarau. "Kin fahimci abin da kike faɗa? Kin gani, kin san ba daidai ba ne, kika yi jifa?"

"Na gani. Na sani."

"Me ya sa?"

"Ina so in ci."

Dattijo ya ɗago kai ya dube ta. Ban taɓa ganin irin kallon ba. Ba godiya ba ce, ba kuma fushi ba. Kamar mutumin da ya yi sati biyu yana ɗauke da kaya a ka, aka ce masa rabinsu ba nasa ba ne, ya rasa inda zai ajiye.

Aka dakatar da Yaya shekara ɗaya. Ƙorafin Koci ya mutu a nan, Doguwa ta tafi ita kaɗai. Ba a kori Dattijo ba, an ɗauke shi daga keji an mai da shi ban ruwan ciyawa har ya yi ritaya. Koci ya yi wata biyar bai taka gidanmu ba. A gari kuwa baki ya rabu biyu, wasu na cewa jaruma ce, wasu na cewa ai da ma haka 'yan wasa suke, sai su taka uwarsu don kwalliyar tagulla.

Daga ɗakin kwamitin asibiti ta nufa. Labari ya riga mu isa. Gwaggo ta miƙe ta tare ƙofa da jikinta.

"Kin zo ki ƙarasa shi ne?"

"Bar ta ta shigo," in ji Kawu daga ciki.

Yana kwance an rataye ƙafar da igiya da ƙarfe, ya rame har kunnuwansa sun fito. Yaya ta durƙusa a gefen gado.

"An ce kin gani," ya ce.

"Na gani, Kawu."

"Kin gan ni a wajen?"

"Ban duba ba."

Ya rufe ido. Muka jira. Wata ma'aikaciya ta shigo ta duba robar ruwa ta fita, bai buɗe ba. Can ya ce, "Tashi ki je." Ba mu ƙara jin komai daga gare shi ba har shekara ta zagayo.

Da wa'adin ya cika ta koma, Koci ma ya dawo yana ta ƙunƙuni. Ƙarfinta na nan, amma wani abu ya lalace. Da ta kai juyi na biyu sai hannun ya buɗe da kansa, gudumar ta faɗa ragar hagu. A gasar farko jar tuta uku a jere, aka fitar da ita. Ta biyu ma haka. Matar da ta riƙe ƙasa shekara bakwai ta kasa fitar da ƙarfe daga keji. 'Yan kallo suka fara ce mata Mai Kamun Kifi.

Wata ranar Talata ina yanka yadi sai na ji ƙwas, ƙwas a bakin shago. Kawu ne da sanda, da wanduna uku a leda. An sa masa takalmin ƙarfe daga cinya zuwa idon sawu, wandunansa ba sa shiga.

"A buɗa mini ƙafar hagu," ya ce. "Ta dama a bar ta, ba ta yi laifin komai ba."

Na durƙusa ina aunawa. Ya dube ni ta saman kai.

"Kin karkatar da tef. Ja shi sosai." Na gyara. "An ce yayarki na ta kashe wa hukuma raga."

"Haka ne, Kawu."

"Shekara ashirin ina gaya wa masu taya ni awo kada kowa ya ba keji baya. Ranar nan ni na ba shi. Na daɗe ina wannan lissafin a kan gado, mu uku ne, kowa da kasonsa. Nata ya fi yawa." Ya gyara tsayuwa. "Ba cewa na yi na yafe ba, kada ki je ki ƙara gishiri. Amma ki gaya mata, ni na fi kowa kallon jifanta daga gaba. Na je filin ranar Asabar, na zauna can sama. Tana waigen fili tun a juyi na biyu, tana neman wanda za ta buga. Ta sa a kwashe kowa daga fili, ta duba da idonta sau ɗaya kafin ta shiga, sannan ta bar wa gudumar sauran."

Na kai saƙon yadda ya ba ni, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Yaya ta saurara, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ban taɓa jin kukanta ba tun muna yara sai ranar.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Wata takwas ta yi tana jifa a filin bayan rumbu, babu kowa sai Koci a bayanta, daga mita talatin, zuwa arba'in, zuwa hamsin. Tana da shekara talatin da uku ta sake shiga gasar ƙasa. Doguwa na jinyar gwiwa a shekarar, ba ta zo ba, kuma Yaya da kanta takan faɗi haka idan ana yabonta. Jifanta na farko raga. Na biyu raga. Idan na uku ya lalace an fitar da ita, kuma ta riga ta gaya mini daga shi ba za ta sake ba.

Aka kira ta. Ta zo bakin zobe ta ɗaga hannu, aka tsayar da agogo. Ta taka har ƙofar dama ta girgiza ta, ta tabbatar an sa sakata. Ta nuna wani mai ɗaukar hoto da ya matso kusa da layi, aka kore shi. 'Yan kallo suka fara fito da ihu. Ta dawo, ta ba fili baya. Na cusa fuskata cikin mayafi, ban ga jifan ba. Shirun da filin ya yi ne ya gaya mini gudumar na sama. Mita sittin da ɗaya. Bai kai rabin kyan jifanta na da ba, in ji Koci, amma babu wadda ta wuce shi a ranar.

Daga wannan ta ajiye. Kafaɗar ta ƙi, har yau ba ta iya ɗaga hannun hagu ta tsefe kanta, 'yarta ke yi mata. Ba ta taɓa hawa jirgin ba. Yanzu ita ce shugabar masu gashi a gidan burodin, mutum goma sha huɗu a ƙarƙashinta. Kawu ya koma aji da sandarsa, ya koyar shekara shida kafin ciwon suga ya ɗauke shi. Sun gaisa da Yaya sau da yawa a hanya, har yakan tsokane ta, amma kalmar yafiya ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba, ita kuma ba ta roƙa ba. Gwaggo har gobe ba ta amsa gaisuwarta.

Bara Doguwa, wadda yanzu ita ma ta manyanta, ta yi jifan da ya shafe duk wani tarihi na ƙasar. A rediyon wurin aiki Yaya ta ji, tana fitar da tire daga tanda. Ma'aikatan suka yi tsuru-tsuru suna satar kallonta. Ta dire tiren, ta goge hannu a gaban riga.

"Mita nawa suka ce?"

"Sittin da tara," in ji wani.

"Kai!" ta ce. "Yarinyar nan ta iya." Sannan ta daka wa na kusa da tanda tsawa ya fitar da sauran kafin su ƙone.